Dogon Aiki da Rarrabuwar Hankali: Darasi Daga Marubutan Alƙur'ani na Barno

(Taken shiri)

Jama'a masu sauraro, wannan shirinmu ne na faɗakarwa da ke zuwa muku daga nan Maiduguri.

Yau a kan dogon aiki za mu yi magana, wato aikin da ba ya ƙarewa a yini ɗaya ko mako ɗaya. Ɗalibar da ke rubuta kundin kammala digiri a Jami'ar Maiduguri, ma'aikacin da aka ɗora wa haɗa rahoton shekara, maginin da ya karɓi gida tun daga tushe har rufi, telan da ɗinkin sallah ya yi masa tsibi, gardin da ya ɗaura niyyar rubuta Alƙur'ani da ka, duk ciwonsu ɗaya ne. Ana farawa da zafi, a tsakiya hankali ya watse, a wayi gari watanni sun shuɗe aiki yana nan inda aka bar shi. Abin da nake so mu duba shi ne yadda mutum zai tattara hankalinsa a kan irin wannan aiki har ya ga bayansa, ba tare da ya yanke zumunci ba, ba kuma tare da ya kwantar da kansa da gajiya ba.

Ba sai mun je nesa neman malami ba. Ƙasar da muke zaune a cikinta ta yi ɗaruruwan shekaru tana horar da mutane a kan dogon aiki. Har gobe idan Bahaushe ya ce ɗansa ya tafi gabas, kowa ya san karatun Alƙur'ani ne ya kawo shi nan. Akwai kwafin Alƙur'ani rubutun Barno da ke ɗauke da shekarar 1669, kuma har yanzu masana na nazarinsa. Baturen nan Dixon Denham, wanda ya iso Kukawa a 1823 zamanin Shehu Muhammadu Al-Amin El-Kanemi, ya ba da labarin yadda ayarin fatake ke ɗaukar Alƙur'anai rubutun hannun malaman Barno, su ƙetare Sahara su sayar da su da tsada a arewacin Afirka da Masar. Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ma, duk da saɓanin da ke tsakanin Sakkwato da Barno a wancan zamani, ya shaidi mutanen ƙasar nan da riƙon Alƙur'ani.

Ku tsaya ku auna nauyin aikin. Sura 114, izu 60, mutum ɗaya da alƙalamin kara, falle bayan falle, kuma da ka, babu littafi a gabansa. A tsarin tsangaya ba a kiran mutum alaramma sai ya haddace ya kuma rubuta. Harafi ɗaya ya goce, ana iya cire falle guda a sake shi. Aiki ne na watanni, wani ma ya kai shekara. Kuma marubucin nan ba a cikin kogo yake zaune ba. Yana da iyali, yana da almajirai, ana yi masa haihuwa, ana yi masa rasuwa, damina ta faɗi ya ɗauki fartanya. To ta yaya yake kai aikin ƙarshe?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai rubutun nan zai lura da abu guda: ba ya yin komai da komai a zama ɗaya. Yakan fara da baƙi, ya jera haruffa da baƙar tawada har ya yi nisa. Sai wani lokaci daban ya dawo da jar tawada ya sa wasali, ya bi da rawaya ya ɗiga hamza. Zayyanar da ake yi a kan izu da wuraren sujada ita ma lokacinta daban, sau da yawa ma mai yin ta daban. Bayan an gama kuma a kai wa wasu mahaddata su bi shi kalma kalma suna neman kuskure. Dalilin wannan tsari a bayyane yake. Hankalin da ke zubo da aya daga ƙirji ba shi ne hankalin da ke farautar kuskure ba. Idan ka ce sai ka haɗa su a lokaci guda, kowanne zai riƙa taka wa ɗan'uwansa ƙafa.

Yanzu ku dubi yadda yawancin ɗalibanmu ke rubuta kundinsu. Ɗalibi ya rubuta jimla ɗaya, ya koma ya goge ta, ya sake ta, ya tsaya gyara girman haruffa, ya tuna bai sa shekarar da aka buga wani littafi ba, ya shiga intanet nemanta, daga nan wani bidiyo ya ja shi, kafin ya farga an kira azahar. Ya yi awa uku a zaune, kuma da gaske ya gaji, amma abin da ke kan takarda bai wuce layi biyar ba. Shawarata ga 'ya'yana da ƙannena ɗalibai ita ce ku yi baƙi tukuna. Ranar rubutu a yi rubutu, inda aka rasa shekara ko sunan marubuci a sa alama a wuce. Ranar gyara a yi gyara. Haka ma ma'aikacin ofis: tattara alƙaluma zama ne mai zaman kansa, rubuta bayani a kansu wani zama ne.

Akwai kuma kiskadi. Waɗanda suka yi tsangaya sun san shi: gardi ya ɗauki allonsa da buzunsa ya fita bayan gari, ƙarƙashin bishiya ko 'yar bukka, ya wuni yana karatu inda babu mai kiransa aike, babu mai jan shi hira. Abin da ya burge ni a nan shi ne malaman nan ba su dogara da ƙarfin zuciyar almajiri kaɗai ba. Sun san ɗan Adam. Sun san matashin da ke jin hayaniyar abokansa a bayan danga zai leƙa, komai kyawun niyyarsa. Saboda haka suka raba shi da hayaniyar. A yau yanayin tsaro bai bar kowa ya fita bayan gari yadda ya ga dama ba, wannan mun sani. Amma ɗakin karatu na jami'a yana nan, harabar masallaci tsakanin hantsi da azahar tana nan, ɗakin ƙurya a gidan yayarka wadda yaranta suka tafi makaranta yana nan. Kowa ya nemi kiskadinsa.

Sai abin da mutane da yawa ke mantawa idan suna yabon jajircewar mahaddata: tsangaya tana da hutu, kuma ba ta wasa da shi. Daga yammacin Laraba ake jingine alluna, a huta Alhamis, sai bayan an sauko Juma'a a dawo. Almajiri ya yi wanki, ya yi aski, ya ɗan nemi na sabulu, ya ziyarci 'yan garinsu. A cikin yini ma karatun a rarrabe yake, na asuba daban, na yamma daban, na dare daban, da tazara a tsakaninsu. Mutanen da suka fi kowa sanin darajar lokaci su ne suka ware kusan kwana biyu a kowane mako suka ce ba karatu. A ganina nan ne gishirin maganar yake. Akwai hutun da kai ka zaɓa, ka san farkonsa ka san ƙarshensa, wannan yana ƙara wa aiki ƙarfi. Akwai kuma katsewar da ke faɗo maka ba shiri, sau ashirin a awa ɗaya, wannan ita ke cinye aikin.

Bari mu ɗan sha iska, yanzu za mu dawo.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Madalla. Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake tattara hankali a kan dogon aiki.

Abin da malaman tsangaya suka gano ta hanyar gogewa, masu bincike na zamani sun zo sun auna shi da agogo. Akwai wata farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka, sunanta Gloria Mark, wadda ta shafe kusan shekara 20 tana bin ma'aikatan ofis tana ƙirga tsawon lokacin da suke yi a kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta kafin su juya zuwa wani. A 2004 ta samu kimanin minti biyu da rabi. A bincikenta na baya-bayan nan, wanda ta tattara a littafinta na 2023, abin ya sauko zuwa daƙiƙa 47. Ta kuma gano cewa idan aka katse mutum daga aiki, yakan ɗauki sama da minti 20 kafin ya koma kansa, domin ba kai-tsaye yake komawa ba, sai ya ratsa ta wasu ƙananan ayyuka. Wani abin da ya fi ba ni tsoro a bincikenta: kusan rabin katsewar nan ba wani ne ke jawo ta ba, mutum ne ke katse kansa da kansa. Waya ba ta yi ƙara ba, hannu ne ya saba kai mata.

Wata mai bincike kuma, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar aiki bai kammala ba ya koma wani, wani yanki na hankalinsa yakan maƙale a na farkon, sai na biyun ya samu ragowa. Abin kamar tukunyar wake ne da ake saukewa ana mayarwa a kan murhu: itace ya ƙare, wake bai nuna ba. Shi ya sa za ka ga mutum ya dawo gida a gajiye tilis, ka tambaye shi me ya kammala yau, ya rasa abin da zai nuna.

To sai mu zo kan waya. Abu ne mai sauƙi mai shiri ya zauna a gaban makirufo ya ce kowa ya kashe wayarsa. Ni ba zan faɗa wa mutumin Maiduguri haka ba. Mun ga abin da ya faru a watan Mayun 2013, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci aka katse layukan waya a jihar nan na tsawon watanni. Mai mara lafiya da tsakar dare bai da hanyar kiran taimako, ɗan kasuwa ya yi asara, uwa ba ta san halin da ɗanta ke ciki ba. A garin nan, idan ka kira ɗan'uwanka sau uku bai ɗauka ba, abin da ke zuwa maka a rai daban ne da abin da ke zuwa wa mutumin wani gari. Wannan tsoro yana da tushe, kuma bai kamata a raina shi ba.

Amma mu raba kira da sauran tarkace. Kiran mahaifiyarka daban, saƙo 300 na zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai daban. Bidiyon TikTok da labaran Facebook an ƙera su ne ta yadda ƙarshen ɗaya zai zama farkon wani, kuma kamfanonin da suka ƙera su da tsawon zamanka a ciki suke samun kuɗin talla. Ƙwararru ne aka biya albashi mai tsoka don su hana ka ajiye wayar, saboda haka kada ka yi mamaki idan niyya kaɗai ta gaza. Abin yi shi ne ka rufe data idan ka zauna aiki, ka bar layin kira a buɗe, ka ajiye wayar inda sai ka miƙe tsaye za ka ɗauko ta. Ka sanar da iyalinka cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza kana kan aiki, idan da gaggawa a kira, idan babu a bari sai an jima. Saƙonnin kuma ka yanka musu lokaci, a ce bayan azahar da bayan isha'i. Da wuya a samu saƙon da zai lalace don ya jira awa biyu.

Kada kuma a ɗauka kowane aiki ne ke buƙatar shiru. Ku dubi masu ɗinkin hula. Tun bayan da Bama ta faɗa hannun 'yan ta'adda a watan Satumban 2014, dubban mutanenta suka yo gudun hijira zuwa nan, kuma ɗinkin hula ya zama abin da ya rufa wa gidaje masu yawa asiri. Hula mai kyau, zanna ko 'yar Bama, takan ci makonni a hannu. Za ka ga mata sun zauna a inuwa, allura na tafiya, hira na tafiya, yaro na bacci a baya, kuma ɗinkin bai ɓaci ba. Hirar ma ita ke rage nisan aikin. Amma ka lura da mai ɗinkin nan lokacin da take ɗora sabon zane, ko take ƙirga zare a wurin da fure zai haɗu da ɗan'uwansa: takan yi tsit, ko an yi mata magana sai ta ɗaga hannu alamar a dakata. Ta san wane ɓangare na aikinta ne ke ɗaukar hira, wane ne ba ya ɗauka.

Wannan sani shi nake so kowa ya nema a sana'arsa. Tela ya san yanka ba ya son surutu, amma sa maɓalli da guga suna so. Magini ya san fitar da tushe da awon kusurwa sai da natsuwa, jera bulo kuwa ana yi ana raha. Ɗalibi ya san tsara hujjar babi na huɗu sai kai ya huta, amma jera sunayen littattafai ana iya yi ko da rediyo a kunne. Idan ka gane haka, sai ka ba aiki mai nauyi lokacinka mafi tsada. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, lokaci mafi tsada ga yawancinmu shi ne daga sallar asuba zuwa hantsi. Abin takaici, shi ne kuma lokacin da da yawa daga cikinmu ke kwance suna latsa waya. Aiki mai sauƙi a bar wa tsakar rana, lokacin da jiki ya yi la'asar tun la'asar ba ta yi ba.

Wani ɗan ƙasar Italiya, Francesco Cirillo, ya shahara da wata dabara da ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980: a yi aiki minti 25, a huta minti 5, a sake. Wanda ya ga za ta yi masa amfani ya gwada. Mu dai an riga an yanka mana yini gida-gida da salloli biyar, kuma tashi a yi alwala a taka zuwa masallaci hutu ne na gaske ga ido da baya da ƙwaƙwalwa. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara sun nuna a 2012 cewa mutanen da suka bar matsala suka ɗan yi wani aiki mara nauyi sun fi samo sababbin dabaru idan suka dawo mata. Kowa ya taɓa ganin haka: abin da ya cije maka tun safe, kana shara ko kana tafiya kasuwa sai mafita ta faɗo. Sharaɗin kawai shi ne hutun ya bar ƙwaƙwalwa ta sarara. Wanda ya tashi daga kwamfuta ya koma waya bai huta ba, wurin gajiya ya sauya.

Yanzu ga wurin da maganar ta fi wuya, wato jama'a. Mu mutane ne masu zumunci. Ba a korar baƙo, ba a ƙin amsa sallama, ba a jin rasuwa a zauna. Littattafan da ake rubutowa daga Turai da Amurka a kan wannan batu sukan ɗauki duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa a matsayin ɓarawon lokaci. Ban yarda da su ba. Mutanen garin nan sun ga shekarun da maƙwabci ne ya buɗe ƙofarsa ya karɓi iyali guda da suka gudo daga Bama ko Gwoza ko Baga, ya raba ɗaki da su, ya raba tukunya da su. Wanda ya ga wannan ba zai kira zumunci ɓata lokaci ba. Jana'iza ba ta jira, mara lafiya ba ya jira, a ajiye aiki a tafi.

Sai dai ba kowace sallama ce jana'iza ba. Akwai abokin da ya shigo shagonka don rana ta yi masa zafi, ya zauna awa biyu. Akwai majalisar da ake zama tun bayan la'asar har dare ana maimaita labarin jiya. A nan ma tsangaya ta bar mana ladabi mai kyau. Idan ka iske malami yana karatu, ba ka faɗa masa da magana, kakan zauna sai ya kai aya, shi kuma ya juyo ya ba ka fuskarsa gaba ɗaya. Me zai hana mu faɗaɗa wannan ladabi zuwa sauran ayyuka? Mai aiki ya amsa sallama da fara'a, ya ce: "Yaya, marhabin, ga ruwa, ba ni minti goma in kai aya." Ko ya ce: "Kawu, wannan magana ta fi ƙarfin tsaye, zan zo gida bayan magariba in same ka." Sannan ya cika alkawari ya je. Wanda aka faɗa wa haka kuma kada ya ɗauke shi wulaƙanci. Rabin hankalin da za a ba ka ana satar kallon takarda bai kai cikakken zaman da za a yi da kai an jima ba.

Akwai kuma katsewar da ta fi ƙarfin kowa, kuma Maiduguri ta san ta fiye da yawancin garuruwa. A watan Janairun 2021 aka lalata turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu, daga baya aka gina tashar wuta mai aiki da iskar gas aka buɗe ta a watan Maris na 2023. A 2022 yajin aikin malaman jami'o'i ya rufe azuzuwa wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A watan Fabrairun 2023 gobara ta ci Kasuwar Monday. A ranar 10 ga Satumban 2024 ruwan madatsar Alau ya shigo gari, ya mamaye unguwar Gwange da kewayen fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya raba ɗaruruwan dubban mutane da gidajensu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. A cikin abin da ruwan nan ya ci akwai takardu da kwamfutoci da kayan sana'a, aikin watanni da shekaru.

Saboda haka duk mai dogon aiki a garin nan ya sa a ransa cewa za a katse shi, ya yi tanadin dawowa. A nan ma marubutanmu na da dabara. Alƙur'anin hannu ba a ɗinke shi, falle-falle yake a cikin gafaka. Don kada ya rikice, marubuci kan rubuta kalmar farko ta falle mai zuwa a can ƙasan wanda ya gama. Ko iska ta watsa takardun, ko an yi wata ba a taɓa su ba, wannan kalma guda za ta nuna inda aka tsaya. Kai ma kada ka tashi daga aiki sai ka bar wa kanka irin wannan alama: layi biyu a takarda, ga inda na tsaya, ga abin da zan fara da shi gobe. Yawancin ayyukan da suka mutu a tsakiya, wahalar sake kama bakin zaren ce ta kashe su. Ɗalibai kuma, don Allah, duk ranar da kuka yi rubutu ku tura wa kanku kwafi ta imel, ko ku ajiye a wuri na biyu da ba gida ɗaya ba.

Game da wa'adi ma a yi wa kai adalci. A 1994 wasu masu bincike a Kanada, Roger Buehler da abokan aikinsa, sun tambayi ɗaliban da ke rubuta kundin digiri kwana nawa suke ganin zai ɗauke su. A matsakaici suka ce kimanin kwana 34. Da aka bi su, sai da suka ci kimanin kwana 55, kuma waɗanda suka gama a lokacin da suka ɗiba ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Wannan a ƙasar da ba a ɗauke wuta ke nan. Idan zuciyarka ta ce maka wata biyu, ka ɗibi uku, ka faɗa wa mai aikin gaskiya tun farko. Telan da ya karɓi ɗinki 60 ana saura kwana 10 sallah ba rashin natsuwa ke damunsa ba, alkawarin da ya fi ƙarfinsa ya ɗauka. Sannan a daddatsa aikin yadda za a riƙa ganin ci gaba. Mai hadda ba ya kallon izu 60, allon yau yake kallo, ya wanke ya ɗora wani.

Kafin lokaci ya ƙwace mana, ina da kira ga waɗanda lokacin wasu ke hannunsu, domin ba kowa ke da ikon tsara yininsa ba. Shugabannin ofisoshi, ranku ya daɗe: idan kun ba ma'aikaci aikin da ke buƙatar tunani, kada ku riƙa aika masinja kiransa kowane rabin awa, kada ku kira taron da ba a shirya ba a tsakiyar safiya. Ku tara buƙatunku ku faɗe su a zama ɗaya, ku bar masa awa biyu ko uku da ba mai taɓa shi. Ku ne za ku fara cin ribar hakan. Malamai masu duba kundin ɗalibai, babin da ya kwana wata biyu a teburinku yana kashe zafin da ɗalibi ya taso da shi.

Magidanta kuma, ina roƙonku da babbar murya. Akwai mata da yawa a garin nan da ke karatun digiri ko na aikin jinya ko na koyarwa, wasu na riƙe da sana'ar da ke ciyar da gida. Namiji idan ya ce yana aiki, akan kore masa yara a ja masa ƙofa. Mace kuwa tana buɗe littafi za a ce ina shayi, ina takalmin makaranta, ga baƙi sun zo. Ba ta da kiskadin da za ta tafi. Maigida, ka ɗauki yaran nan awa biyu ranar Asabar ka fita da su. Uwar miji, Hajiya, ki riƙe mata jaririn ta rubuta shafi uku. 'Yan'uwa mata da ke gida ɗaya, ku yi karɓa-karɓa, yau ke gobe ita. Takardar shaidar da za ta karɓo da kuɗin da za ta samu gidan nan za su shigo.

Kai kuma mai saurarona da ke da aikin da ya kwanta tun bara, gobe bayan sallar asuba ka ɗauko shi, ka rufe data, ka ba shi awa ɗaya, ka rubuta inda ka tsaya kafin ka tashi. Jibi ka sake.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.

(Taken rufewa)